Wa Ya Matsar da Turakun Auta?

Idan ka ga hukumomi biyu da ba sa ga-maciji da juna sun tsaya gaban mai hoto suna musabaha, haƙora duk a waje, to ka tattara 'ya'yanka ka shige gida. Wani abu zai lalace, kuma ba a kan masu musabahar zai faɗo ba. Haka na faɗa wa Auta tun ranar da ta shigo tana murna an ba ta aikin. Ta ce ni ko yayyafi na gani sai in ce ambaliya ce. Uwarta ta goyi bayanta, kamar kullum.

Ni kafinta ne, karatuna bai yi nisa ba. Auta ce ƙaramar 'yata, ita ce kuma ta yi karatun da ban yi ba. Awon ƙasa ta karanta. Lasisinta ko shekara bai cika ba, kuma wannan ne aikin farko da za ta sa wa hannu da sunanta.

Garinmu gida biyu ne, tudu da gangare, kowanne da ƙaramar hukumarsa, kuma tun da aka raba su aka raba ofisoshi kamar kayan gado. In kana son takardar haihuwa ka hau, in famfo ya fashe ka sauka, in gobara ta tashi ka jira su gama tantance ko wutar ta wace hukuma ce. Shi ya sa aka ce a yi gini ɗaya na haɗin gwiwa, a zuba rajistar haihuwa da ofishin ruwa da ɗakin rigakafin yara da rumfar motar kashe gobara a ƙarƙashin rufi ɗaya, a filin da iyakar hukumomin ta ratsa. Jikana na fari yana goye aka fara zaman tsara ginin, sai da ya shiga makaranta aka gama. Sun yi rigima a kan launin fenti. Sun yi rigima a kan sunan da zai zo farko a allo. Sun yi wata a kan ɓangaren da za a kai bayan gida, kowa na cewa ba nasa ba. Da aka zo ba da kwangila, sai da aka nemo ɗan kwangilar da ba shi da ko suruki a tudu ko gangare. A ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: rabin gini a tudu, rabi a gangare, ƙofar shiga a kan iyaka daidai, a auna daga tsohon ginshiƙin kankare da ke bakin filin.

Auta ta auna, ta kafa turaku, ta ja igiya. Ni na fere mata turakun da hannuna, na gyara su yadda nake gyara duk katakon da zai shiga ƙasa, har ta yi ta mita wai na ɓata mata farar rigar aiki. Sai aka yi makonni ba a taɓa filin ba, don ba a daidaita a kan wanda zai fara ɗaga shebur gaban mai hoto ba. Rannan kawai muka ji katafila ta shigo, an haƙa tushe, an zuba kankare.

* * *

Sufeto ta zo daga hukumar masu awo, mace mai magana a hankali kamar wadda ciwon kai bai taɓa saki ba. Ta ɗaura tef a jikin ginshiƙin, ta ja, ta duba, ta sake ja. Ginin ya zame zuwa gangare. Ba zamewar wasa ba: ƙofar shiga gaba ɗayanta tana cikin ƙasar gangare.

Kafin rana ta take filin ya cika da mutane. 'Yan tudu suka ce sata ce da rana tsaka. 'Yan gangare suka ce ƙasa ce ta san mai ita. Ɗan kwangila ya ce shi igiya ya gani, igiya ya bi, in da kogi ta kai shi kogi zai haƙa. Auta ta ce ta roƙe shi kada ya haƙa sai ya kira ta ta sake dubawa. Ya ce bai tuna an yi haka ba, kuma katafilar haya ba ta jiran yarinya ta gama kwalliya.

A kwamitin ginin akwai mutum biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba: wakilin tudu, tsohon malamin makaranta mai dogara sanda, da wakilin gangare, mai kantin yadi a kasuwa. Ran nan bakinsu ya zo ɗaya. Suka ce kuskuren yarinya ne, a yi mata uzuri, amma a ɗauki mataki. Wannan haɗin bakin shi ya fi komai tayar mini da hankali.

Sufeto ta ce za ta zauna da kwamiti ranar Alhamis a nan filin. In ba a zo da wani bayani ba, za ta rubuta cewa awon ne ba daidai ba, a dakatar da lasisin. Wanda kuwa aka karɓe wa lasisi a aikinsa na farko, ko kejin kaji ba mai ba shi ya auna.

A gida Auta ta ƙi cin abinci. Ta zauna tana goge madubin na'urarta da ya riga ya gogu. Ni kuma ina ta zagaya tsakar gida ina cewa ai na faɗa, har uwarta ta gaji.

"Ka faɗa, mun ji," ta ce. "Yanzu je ka kira mini ƙanena."

* * *

Dogo ƙanen matata ne. Ya daɗe yana aikin gandun daji, yana bin sawun masu farauta ba izini, har gwiwarsa ta ƙi. Yanzu in akuya ta ɓata shi ake kira. Ba na musun yana da ido, amma in ka aiki Dogo ya kira maka mutuwa, sai ka ga tattaɓa-kunnenka.

Ya iso filin ya tsaya yana kallon inda rabin gari da katafila suka tattake.

"Mijin Yaya," ya ce, "sawu ka kira ni in bi, ko ƙidayar mutanen gari?"

Na ce ya bar wasa, Alhamis ta kusa. Ya ce Alhamis ta san hanya, ba sai an yi mata jagora ba. Sai ya samu dutse ya zauna, ya aika a kawo masa shayi. Ina tsaye a kansa kamar in fashe.

Da ya ga dama ya tashi, bai shiga tsakiyar filin ba, gefe-gefe ya bi. Turakun awo ba a bakin rami ake kafa su ba, ana ja da su baya kaɗan a kowace kusurwa don kada mai haƙa ya taɓa su, saboda haka suna nan tsaye da igiyarsu. Dogo ya durƙusa a gindin wani, ya buɗa ciyawa, ya daɗe yana kallon wani ɗan zagaye a busasshen taɓo, kamar an danna murfin kwalba. Na tambaye shi mene ne, ya ce ƙasa ce.

Ni kuwa abin da idona ya kama daban ne. Gara ta fara hawa gindin turakun. Na ce wannan abin kunya ne, turakuna ba a san su da gara ba, ko dai katakon zamani ne ya lalace. Dogo ya ce in ina da ƙorafi in kai wa gara, shi aiki yake yi.

A jikin ginshiƙin iyaka ya nuna mini abu ɗaya da ya yarda ya nuna: shatin tafin hannu, baƙi, kamar wanda ya dafa da hannu mai maiƙo.

* * *

Masu gadin filin biyu ne, don kowace hukuma ta ce ba ta yarda da maigadin ɗayar ba. Maigadin tudu ya ce a rabinsa ko ƙusa ba ta ɓata ba. Maigadin gangare ya ce shi ma haka. Dogo ya tambaye su wa ke gadin igiya, tunda ta ratsa rabi biyun. Suka dubi juna.

Da aka ja magana sai ta fito cewa tun makon farko suka yi shawara tsakaninsu: fili ɗaya bai buƙaci mutum biyu ba, yau wannan ya zo, gobe wancan. Wannan ce kaɗai yarjejeniyar tudu da gangare da na taɓa ji ta yi aiki. Na tambaye su ko sun ga wani ya taɓa turakun, suka rantse ba su gani ba, kowa yana kallon yatsun ƙafarsa. Na so in shaƙe wuyan rigar ɗaya, Dogo ya tare ni da gwiwar hannu, ya tambaye su yaushe aka yi babban ruwan saman nan na kwanakin baya. Maigadin tudu ya ce ranar aikin wancan ne. Na gangare ya ce ƙarya ne. Muka bar su suna musu.

Daga nan na ce ɗan kwangila ne. Wataƙila ƙasar gangare ta fi laushi, ya matsa don ya rage wa kansa wahalar dutse. Dogo ya je ya yi hira da leburori, ya leƙa ramin, ya dawo ya ce ƙasar ɗaya ce daga wannan ƙarshe zuwa wancan, kuma mutumin da ko kankare daga cikin mota yake dubawa ba zai tsuguna ya ciri turke ba. Na ce to zai iya aikawa. Ya ce kowa ma zai iya aikawa, har ni.

* * *

Baƙin hannun nan ya hana ni sukuni. A bakin filin akwai bakanike da garejinsa ya ci wani yanki na wurin kafin a tashe shi ya koma tsallaken titi, kuma kowa ya san bai yafe ba. Na ce wa Dogo ga mai baƙin hannu, ga mai haushi, me muke jira? Ya ce mu je, tunda ƙafata na ƙaiƙayi.

Mun tarar da bakanike a ƙarƙashin mota. Ban yi dogon gaisuwa ba. Na ce an ga hannunsa a jikin ginshiƙi, gara ya faɗi gaskiya tun muna mu uku. Ya turo kansa waje a hankali, ya zauna, ya dube ni daga hula zuwa takalmi.

"Ba kai ne ka zo nan da gwangwani ba?" ya ce. "Na cika maka shi da baƙin mai, ko sisi ban karɓa ba. Yau ka dawo ka gaya mini hannuna baƙi ne? To da wane launi kake so ya zama?"

Yaransa suka kwashe da dariya. Na rasa inda zan sa fuskata. Sai na ji Dogo, wanda tun safe bai tambaye ni komai ba, ya ce me na yi da baƙin mai gwangwani guda.

Na ce abin da kowane kafinta mai hankali zai yi. Na jiƙa gindin turakun a ciki suka kwana, har suka sha, don kada gara ta ci. Shi ne ya ɓata wa Auta riga, shi ne kuma ya sa nake mamakin garar da na gani.

"Kuma tun safe kana riƙe da wannan a bakinka?"

"Na faɗa maka, ka ce in kai wa gara."

Dogo ya juya. Ya ba bakanike haƙuri a madadina, ya ce mijin yayarsa ba shi da laifi, haka Allah ya yi shi. A hanya ya ce tun muna shiga ya ga tafin bakaniken ya fi na jikin ginshiƙi faɗi nesa ba kusa ba. Na ce me ya hana shi faɗa. Ya ce yaushe na ba shi fili.

* * *

Ya sa na samo masa siririn rodi da tsohon farin ƙyalle. Ya durƙusa a kan gwiwar tasa mai ciwo a wata kusurwa, yana soka rodin a ƙasa kusa da turke, taku kaɗan ya sake sokawa. Ƙasar tana da tauri, tana da tauri, sai a wani wuri rodin ya nutse kamar a cikin gari. Rami ne da aka cike. Ya ci gaba ya samu wani, ya sake samun wani. Ramuka uku a cike, a layi ɗaya da wanda turken yake ciki yanzu.

Ya naɗa ƙyalle a bakin rodin yana zurawa a kowanne. Daga rami ɗaya ya fito baƙi ƙirin. Daga na kusa da shi ya fito da dabbare-dabbare. Na uku sai da ya kai hanci ya ji ƙamshin mai. Ramin da turken yake ciki kuwa ba komai sai gara.

Sai ya yi mini bayani, a taƙaice, kamar ana cire masa haƙori. Turke ya shiga ramin farko da mansa, ƙasa ta sha mafi yawa. Duk ciran da aka yi masa aka sake kafawa, man na raguwa, har ya ƙare. Ramin da ya fi baƙi shi ne inda Auta ta kafa.

Aka kira ta, ta zo da tef da zanen ginin. Ta auna daga ginshiƙi zuwa baƙin ramin, ta duba zane, ta sake aunawa. Muka je wata kusurwa, Dogo ya nemo ramukan, ta auna. Sai ta zauna a ƙasa da farar rigarta, ta ce, "Kawu, daidai yake. Ko ƙwayar shinkafa bai kauce ba."

Na ce mu tafi wurin Sufeto yanzu-yanzu. Dogo ya ce in je in gani, kafin in rufe baki za su ce uban yarinya ne ya haƙa ramuka ya zuba mai, tunda gari ya san wa ke da gwangwani. Sauran kusurwoyi biyun ba za mu taɓa su ba, ciyawa ta rufe su, Sufeto za ta buɗe da hannunta. Kuma ramuka ba sa magana a kwamiti, sai an samu bakin mutum.

Ya sa Auta ta auna tsakanin rami da rami. Daga na farko zuwa na biyu taƙi ɗaya ne kacal, wajen gangare. Daga na biyu zuwa na uku an yi babban tsalle wajen tudu. Daga na uku zuwa na ƙarshe an dawo gangare da tsallen da ya fi wancan. A duka kusurwoyin biyu tazarar iri ɗaya ce, wato duk wanda ya yi da ma'auni ya yi.

A gida, Dogo na cin abincina kamar shi ya saya, Auta ta ce tsallen ƙarshen nan ne ya ba ta mamaki, ya kusa yadi biyu amma bai kai ba, saura kamar yatsa huɗu. Uwarta ta tsaya da ludayi a hannu ta ce ta sake faɗa. Ta sake faɗa. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani yadi da ta saya ba ta ɗinka ba, ta miƙa wa ƙanenta, suka dubi juna suka yi dariya irin ta 'yan gida ɗaya. Na tambaya mene ne. Aka ce in ci abincina kada ya huce.

* * *

Ranar Alhamis aka jera kujeru a rumfar kwanon ɗan kwangila. Sufeto a tsakiya, wakilin tudu a dama da sandarsa, wakilin gangare a hagu cikin riga mai sheƙi, masu gadi biyu a tsaye, ɗan kwangila yana duba agogo. Bakanike ya tsallako titi ba wanda ya gayyace shi, ya ce ya zo ya ga wanda ya fi shi baƙin hannu. Matata ta zo da yadinta a naɗe a hammata.

Dogo bai yi jawabi ba. Ya miƙa wa Sufeto rodi da sabon ƙyalle, ya ce ta zaɓi kusurwar da ta ga dama cikin waɗanda ciyawa ta rufe. Ta zaɓa, ta soka, ta samu ramukan, ƙyalle ya fito baƙi a inda ya kamata. Ta karɓi zane daga hannun Auta, ta ja tef da kanta. Na ga ta cire hannu daga goshinta.

Wakilin tudu ya ce to, wannan ya nuna 'yan gangare ne suka yi aikinsu na gado. Dogo ya ce wataƙila, sai ya dafe gwiwa ya roƙi malam ya ara masa sanda, ƙafa ta gaji. Malam ya miƙa. Dogo bai dogara ta ba. Ya kwantar da ita a ƙasa tsakanin rami na biyu da na uku. Robar gindinta ta zauna a bakin wannan, lanƙwasar hannunta a bakin wancan, kamar an yanka ta don wurin. Ya nuna ɗan zagayen nan na cikin busasshen taɓo, ya danna gindin sandar kusa da shi, suka fito tagwaye. Ya ce mai sanda in ya kwantar da ita yana awo, dole ya nemi abin dafawa, kuma ginshiƙi ne a kusa.

Maigadin tudu ya ce shi dai guduma kawai ya riƙe.

Malam ya miƙe ba sanda. "Gyara na yi," ya ce. Kullum da safe yana zuwa ya tsaya bayan ginshiƙi ya hangi turken ƙofa. Rannan ya ga ya kauce wajen gangare da taƙi guda. Shi ne ya dawo da turakun, da ɗan ƙari, don masu yi su san akwai ido.

Wakilin gangare ya tashi ya gyara riga. Ya ce yau Allah ya tona asiri, malamin da ya koya wa 'ya'yan mutane gaskiya ga shi da turke a hannu. Ya yi magana a kan amana, ya yi magana a kan tsufa. Yana shirin shiga maganar lahira matata ta matso ta warware yadinta.

"Mai kanti, wannan yadi nawa ka sayar mini?"

Ya duba, ya gane kayansa. "Biyu cif," ya ce. "Da sandar awona na auna, a gabanki."

Ta miƙa wa Dogo bakin yadin guda, ta riƙe ɗayan, suka shimfiɗa tsakanin rami na uku da gindin turke. Daga baki zuwa baki, ba ragi ba ƙari. Sufeto ta ɗora tef ɗinta a kan yadin, ta ce bai kai biyu ba, saura kamar yatsa huɗu. Matata ta ce shekara da shekaru tana faɗa, kowane yadi na kantinsa yatsa biyu ne ba ya kaiwa, tela ya shaida.

Abin da ya biyo baya har yau yana ba ni haushi. Mutumin nan bai damu da maganar turaku ba. A kan yadin ya tsaya yana rantsuwa, wai sandar awonsa gadon mahaifinsa ce, wai yadi na shan iska ya tsuke. Sai da maigadin gangare ya ce shi ma igiya kawai ya riƙe, sannan ya juyo ya ce to, shi ma gyara ya yi. Ya ga gini ya hau tudu, ya sauko da shi, da ɗan ƙari.

Sufeto ta bar su suka yi ta nuna wa juna yatsa har suka gaji. Sannan ta tambayi abin da ni ban ma tuna ba: wa ya yi na farko, taƙin nan guda da ya jawo sauran? Malam ya ce mai kanti. Mai kanti ya ce lokacin yana fatauci, kasuwa duka shaida ce. Masu gadi suka rantse, wannan karon suna kallon mutane a ido. Aka juya ga Dogo. Ya ce tazarar ba ta sanda ba ce, ba ta yadi ba ce, taƙi kuwa kowa na da shi. Kuma babban ruwan nan bayan wannan ciran ya sauka, ya wanke duk abin da ƙafa ta bari.

Sufeto ta rubuta abin da za ta rubuta. Ta ce wa ɗan kwangila haƙa ba tare da kiran mai awo ba maganarsa ce, za su yi ta daban. Ta juya ga Auta ta ce awonta daidai ne, lasisinta na nan, kuma ita za ta sake kafa turakun. Auta ta ce ta gode. Ni kuwa sai na tsaya ina kaɗe wa rigarta ƙasar da ba ta da ita, har ta ce, "Baba, mutane na kallo."

* * *

An kafa sabon kwamiti don ya binciki abin da ya faru. Malam na ciki, mai kanti na ciki. Zamansu na farko ya watse a kan hukumar da za ta kawo gudumar fasa kankaren. Tushen yana nan, ruwa ya taru a ciki, kwaɗi sun riga 'yan rajistar haihuwa tarewa.

Na fere sababbin turaku. Auta da kanta ta ɗauki gwangwani ta tsallaka wurin bakanike, ta ce a cika, ta bar turakun suka kwana biyu a ciki. Wannan karon ba ta yi mitar riga ba. Na ce mata yanzu da an gama sai ta nemi aikin da ba shi da hukumomi biyu. Ta ce an riga an yi mata maganar wata gada tsakanin hukumomi uku. Uwarta ta ce madalla.

Kullum da safe kafin in buɗe shago ina bi ta filin, in tsaya bayan ginshiƙi in hangi turken ƙofa, kamar yadda malam yake yi. Na lura ba ni kaɗai ke zuwa ba. A kasuwa in mutum ya miƙo mini hannu, sai na tsinci kaina ina duba bakin hannun rigarsa ko zan ga baƙin mai. Na tambayi Dogo ko yana da wanda yake zargi a zuciyarsa, ya ce shi ƙasa yake karantawa, ba zuciya ba, kuma in bar shi ya sha shayinsa.

Wanda ya fara cire turakun daga inda 'yata ta kafa su, da dalilin da ya sa ya matsar da su taƙi ɗaya, har yau ba mu sani ba.